AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Asalin Manyan Kalmomin Turanci Da Yadda Bahaushe Ya Fara Koyonsu

A wannan fili mukan kawo muku a rubuce amsoshin da muka bayar a rediyo, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi saurare ya samu ya karanta a tsanake.

Tambayar wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu a garin Ɗanzomo, cikin ƙaramar hukumar Sule Tankarkar ta Jihar Jigawa. Ya ce shi manomi ne, kuma yakan sayi riɗi da zoɓo ya kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ya yi firamare, yana iya karanta ƙananan kalmomin Turanci, amma da zarar an miƙo masa takardar banki, ko ya ɗauki kwalbar maganin feshi, sai ya ci karo da waɗansu dogayen kalmomi masu neman karya haƙori. Shi ne yake tambaya: shin waɗannan manyan kalmomi daga ina suka fito, wa ya fara fassara su da Hausa, kuma akwai hanyar da magidanci irinsa zai bi ya san ma'anarsu ba tare da ya koma aji ba?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Amsar tana da ɗan tsawo, sai ka gyara zama.

TURANCI HAWA BIYU NE

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, shi kansa Turancin gauraye ne. Asalinsa harshen waɗansu ƙabilu ne da suka ƙetaro teku daga yankin arewacin Jamus da Denmark na yanzu, suka zauna a tsibirin Birtaniya tun wajen ƙarni na 5. Daga bakinsu aka gaji gajerun kalmomin nan da aka koya maka a firamare, irin su "come" da "go" da "house" da "water" da "cow". Waɗannan su ne hawan ƙasa, watau maganar gida da gona.

A shekarar 1066 sai wani basarake mai suna William ya taso daga Nomandi a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, ya hau gadon sarauta. Shi da fadawansa Faransanci suke yi. Daga nan har wajen shekara 300, Faransanci ne harshen fada da kotu da masu hannu da shuni, Latin kuma shi ne harshen malamai da littattafai, Turanci ya zama na talaka. Abin ya bar tabo har yau. Makiyayi da ke kiwon saniya yana kiranta "cow", amma idan naman ya isa gaban maigida sai ya koma "beef", kalmar da aka aro daga Faransanci. Haka tunkiya, tana raye "sheep" ce, a cikin akushi kuwa "mutton". Sai a 1362 aka yi doka cewa a riƙa yin shari'a da Turanci, amma kafin nan dubban kalmomin Faransanci sun riga sun yi kaka-gida, musamman na mulki da shari'a da kuɗi, irin su "government" da "judge" da "tax" da "rent" da "receipt".

Bayan da aka kawo injin buga littafi Ingila a 1476, masana suka duƙufa wajen fassara littattafan likitanci da lissafi da falsafa. Duk inda suka rasa kalma sai su ɗauko ta Latin ko ta Girkanci su yi mata kwaskwarima. Wannan ne ya sa a yau fiye da rabin kalmomin da ke cikin babban ƙamus na Turanci asalinsu Latin ne ko Faransanci. Su ne hawan sama. Sau da yawa ma abu ɗaya ne yake da suna biyu. "Buy" da "purchase" duk saye ne. "Begin" da "commence" duk farawa ne. "End" da "terminate" duk ƙarewa ne. Ta farko ta kasuwa ce, ta biyun kuwa ta ofis da takardar yarjejeniya.

Kada wannan ya ba ka mamaki, domin haka Hausa take da Larabci. Muna cewa sani, muna cewa ilmi. Muna cewa dole, muna cewa wajibi. Muna cewa mutuwa, malami ya ce wafati. Abin da Larabci ya zama ga Hausa, shi Latin da Faransanci suka zama ga Turanci.

SU MA MASU HARSHEN SUN SHA WUYA

Ka daina jin kunya don ba ka gane waɗannan kalmomi ba, domin su kansu mutanen Ingila sai da aka rubuta musu littafi a kansu. Ƙamus na farko da ya fassara Turanci da Turanci ya fito ne a 1604, wani malamin makaranta mai suna Robert Cawdrey ya rubuta shi. Kalmomi kimanin 2,500 ne kawai a ciki, kuma da gangan ya tsallake masu sauƙi, ya tattaro masu wuyar da aka aro daga Latin da Girkanci da Faransanci, saboda mutanen da ba su yi zurfin karatu ba. Ka ga ke nan ƙamus na Turanci ya samo asali ne daga irin wannan damuwa taka.

A 1755 Samuel Johnson ya fitar da nasa mai kalmomi fiye da 40,000, bayan aikin wajen shekara tara. Babban ƙamus na Oxford kuwa an fara fitar da shi kashi-kashi a 1884, ba a kammala ba sai 1928.

Amma waɗanda suka fi taimakon irinmu, watau masu koyon Turanci a matsayin baƙon harshe, malamai biyu ne da suka yi koyarwa a ƙasashen waje. Na farko Michael West, wanda ya yi aiki a yankin Bengal na ƙasar Indiya ta wancan zamani. Shi ya lura cewa ƙalilan ɗin kalmomi ne suke ta maimaituwa a yawancin rubutu, har a 1953 ya wallafa jerin kalmomi kimanin 2,000 da ya kamata mai koyo ya fara riƙewa. Na biyu A. S. Hornby, wanda ya koyar a Japan. Ƙamus ɗinsa ya fara fitowa can a 1942, kamfanin Oxford ya sake buga shi a 1948, kuma shi ne ya zama ƙamus ɗin nan na Oxford na masu koyo da ɗalibanmu na sakandare suke yawo da shi har gobe. Dabararsa ita ce ya bayyana kalma mai wuya da kalmomi masu sauƙi, sannan ya sa ta cikin jimla don a ga yadda ake aiki da ita.

ƘAMUS A ƘASAR HAUSA

Koyon kalmomi masu wuya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kafin zuwan Turawa malamanmu na zaure suna da fannin da suke kira lugga, inda almajiri zai zauna gaban malami a bi littafi kalma bayan kalma ana fassarawa. Daga cikin littattafan da ake karantawa domin haka akwai Maƙamatul Hariri, na wani malamin Basra da ya rasu a 1122. Ita kanta kalmar ƙamus sunan wani littafin lugga ne na Firuzabadi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 15, ma'anarta kuwa teku. Saboda shaharar littafin sai sunansa ya bi duk wani littafi irinsa.

A fagen haɗuwar Hausa da Turanci a takarda kuwa, a 1843 ne wani ɗan mishan Bajamushe mai suna J. F. Schön ya buga ɗan ƙaramin jerin kalmomin Hausa da fassararsu a Landan. Bayan shekara takwas, watau cikin watan Maris na 1851, wani Bajamushen mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da suna Abdulkarim, ya taso daga Kano zai tafi Kukawa, ya yada zango a nan Gumel. A lokacin Gumel tana ƙarƙashin Barno, kuma ya rubuta cewa babbar kasuwar kanwa ce. Da zai koma Turai a 1855 sai ya tafi da yara biyu da ke yi masa hidima, Abbega da Dorugu. Shi Dorugu Bahaushe ne, mutumin ƙasar Damagaram, maƙwabtanku na arewa, an kama shi bauta tun yana ƙarami, daga baya aka 'yanta shi a Barno.

Wannan yaro ya zauna da Schön a Ingila shekara da shekaru. Ya koyi Turanci, ya iya karatu da rubutu, ya kuma riƙa ba Schön kalmomi da tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa. Da taimakonsa Schön ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya dawo gida ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya koyar a makarantar Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912. Saboda haka idan ana lissafin Hausawan farko da suka ƙware a Turanci, sunan wannan ɗan talaka yana sahun gaba.

Bayan Schön sai C. H. Robinson, wanda ya iso Kano a ƙarshen 1894 ya zauna 'yan watanni, ya koma ya buga ƙamus ɗinsa juzu'i biyu a 1899 da 1900. Sai kuma gagarabadau, watau ƙamus na G. P. Bargery na 1934, mai kalmomin Hausa fiye da 39,000, wanda ya ci masa fiye da shekara goma yana zagaya garuruwa yana tambayar malamai da masu sana'a. R. C. Abraham ya biyo baya da nasa a 1949.

To amma a nan akwai abin lura. Duk waɗannan littattafai an yi su ne domin Bature mai son jin Hausa, ba domin Bahaushe mai son jin Turanci ba. Turawan mulki ba su yi gaggawar koya wa talakan Arewa harshensu ba. Makarantar da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909, da Hausa aka fi koyarwa a cikinta. A makarantun elementare ma haka, da Hausa ake karatu, sai wanda ya tsallaka Midil ne yake shiga Turanci sosai. Yaron ƙasar Gumel kuwa, tun da tana cikin Lardin Kano ne a lokacin, sai ya bar gida ya tafi Kano kafin ya sami wannan dama. Daga Midil 'yan ƙalilan ne suke wucewa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922. A can aka horar da su Sir Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam, kuma an san ta da tsanani wajen furuci da zaɓen kalma.

Yayin da ake wannan tafiyar hawainiya a makaranta, Turanci ya riga ya shigo ta ƙofar kasuwa. Da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa ta Gagarawa wajen 1930, sai cinikin gyaɗa ya buɗe, aka sami kamfanoni da akawuna da ma'auni. Kakanninmu suka kama kalmomin da kunne suka lanƙwasa su yadda bakinsu zai iya: tasha, reluwe, sikeli, kanti, rasit, direba, fam, sule, sisi, kwabo. Sai dai kunne yana da iyaka. Manomi ya san sunan sikeli, amma abin da akawu ya rubuta a takarda sai dai ya ɗauka a kan amana. Ratar da ke tsakanin mai iya karanta takarda da wanda bai iya ba ta fara ne tun daga wannan lokaci, kuma ita ce kake kuka da ita yau.

Al'amari ya fara juyawa ne a shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, sa'ad da aka ga mulkin kai ya ƙarato ga shi Arewa ba ta da isassun ma'aikata. An kafa hukumar wallafa littattafai ta NORLA a Zariya a 1954. A 1957 aka fitar da Hanyar Taɗi da Turanci, littafin da aka tsara musamman domin Bahaushe mai koyo, kuma a wannan shekarar ce BBC ta fara watsa shiri da Hausa. Neil Skinner ya fitar da Ƙamus na Turanci da Hausa a 1965, wanda ya daɗe yana hannun ɗalibai da malaman firamare. A 1977 aka sami Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci, aikin Paul Newman da Roxana Ma Newman tare da masanan cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero. A 1990 ita Roxana ta fitar da babban ƙamus na Turanci zuwa Hausa. Sannan a 2006 Jami'ar Bayero ta wallafa Ƙamusun Hausa, wanda ke fassara Hausa da Hausa, kamar dai yadda Cawdrey ya yi wa Turanci shekara 400 kafin nan.

Aron kuwa ba ta gefe ɗaya yake tafiya ba. Turanci ya karɓi "sugar" da "cotton" da "tariff" da "magazine" daga Larabci ta hanyar 'yan kasuwar Bahar Rum. A 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da Kannywood cikin kalmominsa, daga baya kuma suya ta bi sahu.

TO, INA MAFITA?

Yanzu sai kashi na uku na tambayarka. Tun da ka ji cewa manyan kalmomin nan daga Latin da Girkanci aka ƙera su, to ka sani yawancinsu haɗe-haɗe ne, kamar yadda muke haɗa ma da noma mu sami manomi, ko ma da auna mu sami ma'auni. Idan ka san gutsattsarin, ka sami mabuɗin kalmomi da yawa a lokaci guda. Tun muna koyon aikin malanta wannan ce dabarar da aka fi nanata mana.

Ɗauki kwalbar maganin feshinka. Yawancin kalmomin da suka ƙare da "cide" suna nufin kisa. "Herb" ganye ne ko ciyawa, saboda haka "herbicide" maganin kashe ciyawa ne. "Insect" ƙwaro ne, "insecticide" maganin ƙwari ke nan. "Pre" na nufin kafin, "post" na nufin bayan. Idan ka ga "pre-emergence", ana fesa shi ne kafin ciyawa ta tsiro, "post-emergence" kuwa bayan ta fito. "Non" korewa ce. Maganin da aka rubuta wa "selective" yana zaɓen irin ciyawar da zai kashe, amma "non-selective" ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa ya tafi, har da gerenka da riɗinka. Haruffa uku ne kacal tsakanin gona mai kyau da asarar damina.

Haka kuma ka nemi "pre-harvest interval", watau kwanakin da za ka jira tsakanin feshi da girbi, da "residue", watau ragowar maganin da ke maƙalewa a jikin amfanin gona. Ba ƙaramar magana ba ce. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda an sami ragowar maganin ƙwari da ya wuce ƙima a cikinsa, asarar kuwa har kan ɗan kasuwa da manomi ta sauka.

A fagen ciniki, "port" asalinta ɗauka ce, shi ya sa ɗan dako yake "porter". "Ex" waje, "im" ciki, "trans" ƙetare. Ka ga "export" fitar da kaya, "import" shigo da kaya, "transport" sufuri. Ku da kuke hulɗa da mutanen Magarya da Damagaram ma kuna da wata riba, domin kalmomi irin su "commerce" da "transport" da "agriculture" rubutunsu ɗaya ne a Turanci da Faransanci, furuci ne kawai ya bambanta.

A takardar banki kuwa akwai kalmomin da bai kamata ka sa hannu ko ka dangwala yatsa ba sai ka san su. "Collateral" ita ce jingina, abin da za a riƙe ko a sayar idan ba ka biya ba. "Guarantor" shi ne wanda ya tsaya maka, kuma idan kai ne ka tsaya wa wani ya gudu, kai za a bi. "Interest" a nan kuɗin ruwa ne, ko da yake a wani wurin tana nufin sha'awa. "Default" saɓa alkawarin biya ne. "Creditor" mai bin bashi, "debtor" wanda ake bi.

Amma fa a yi hattara, dabarar gutsattsari ba ta ci kullum. Galibi "in" a farkon kalma korewa ce, kamar "incomplete", abin da bai cika ba. Sai ga "inflammable" da ake rubutawa a jikin tankar mai da gwangwanin magani, ita ma'anarta abu mai saurin kama wuta. Wanda ya yi mata fassarar kai-tsaye ya ce ba ta kamawa, ya jawo wa kansa gobara. Don haka hasashe shi ne matakin farko, ƙamus ne mai yanke hukunci.

Shawarata gare ka ita ce ka sami ɗan littafin rubutu ka ajiye a aljihu. Kada ka ɗauki ƙamus ka ce za ka haddace daga farko zuwa ƙarshe, ba a shanye teku. Ka fara da kalmomin da sana'arka ta kawo maka: na jikin buhun taki, na kwalbar magani, na rasit, na saƙon banki a waya. Ka rubuta kalmar tare da jimlar da ka gan ta a ciki, ka sa ma'anarta da Hausa, da boko ko da ajami, wanda ya fi maka sauƙi. Kalma uku a rana sun isa, a shekara ka haura dubu. Duk ranar Juma'a ka koma ka bi na makon, yadda almajiri ke yin tilawa. Idan kana da ɗa a sakandare, ko maƙwabci ɗalibi a Kwalejin Ilmi ta Gumel, ka sa shi ya furta maka, kai kuma ka gaya masa sunan abin da Hausa, kowa ya ƙaru. Masu babbar waya suna iya sauke ƙamus a kanta, amma fassarar da na'ura ke yi takan yi tuntuɓe, kada a dogara da ita a maganar kuɗi ko ta magani.

Daga ƙarshe, sanin babbar kalma ba don a yi wa jama'a burga a majalisa ba ne. Amfaninta shi ne ka gane abin da aka rubuta game da gonarka da dukiyarka da lafiyar iyalinka. Inda duk takarda ta fi ƙarfinka, haƙƙinka ne ka ce a fassara maka da Hausa, ka kuma tafi da ita gida wani amintacce ya sake duba maka kafin ka sa hannu.

Da fatan mai tambaya da sauran jama'ar Ɗanzomo da Gumel da Maigatari da Gagarawa sun gamsu. A ci gaba da aiko mana da tambayoyi. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.